Kowa Ya Danna Kore

Ran Talatar da ta wuce wasu samari uku suka biyo ni har gindin darbejiyar da nake zama a bakin injin casar shinkafa, kowanne da jakar kwamfuta a baya kamar masu shirin hawa jirgi. Wai an gaya musu na taɓa aiki a kamfanin manhaja, shawara suke so. Su ma manhaja za su yi, wadda mai gida zai riƙa magana da ma'aikatansa ta waya. Babbansu ya ce min, "Baba, ai abin ba wuya. Wata biyu mun gama rubutawa, saura kawai mutane su sauke." Na ce Allah ya ba da sa'a, na tambaye shi ko ya taɓa zuwa Katuzu a kan babur da rana tsaka. Ya ce me zai kai shi. Kafin in buɗe baki wayar ɗayansu ta yi ƙara, suka miƙe suka ce za su dawo. Tunda a baki ba ku da lokacin ji, ga shi na rubuta muku, ku karanta a waya yadda kuka saba.

Sunan kamfaninmu Yekuwa. Shekara huɗu ya yi a duniya, kuma daga ranar farko har ta ƙarshe abu ɗaya muke fafutuka a kai, kada ya mutu. Ya mutu ɗin, ina kuma da hannu a ciki. Wanda ya kafa shi Injiniya Bashir ne, ɗan Nguru, yaro mai ƙwaƙwalwa da ladabi. Ya yi karatun kwamfuta a waje ya dawo, maimakon ya zauna Abuja ya yi tumbi kamar abokansa, sai ya kama shago biyu a saman wani kemis a hanyar tasha, ya sa fanka da sola, ya tara mu mu bakwai. Aikin manhajar a taƙaice yake. Mai gida ya rubuta saƙo ko ya yi magana da murya, saƙon ya shiga wayar kowane ma'aikaci lokaci guda. A ƙasan saƙon akwai madanni biyu: kore, ma'ana zan zo, da ja, ma'ana ba zan zo ba. Mai ƙaramar waya kuma ya danna ɗaya ko biyu. Mai gida yana kwance a falonsa yana ganin sunan kowa da abin da ya danna.

Ni ban iya rubuta ko layi ɗaya na manhaja ba, har gobe. Aikina kai ta wurin mutane. Injiniya ya ɗauke ni ne saboda na san kowa, don na yi shekara ashirin ina masinja a wani kamfanin matsar man gyaɗa a Nguru kafin ya rufe. A can na koyi aike a hannun Baba Sale, mutumin Katuzu, wanda shi ne babban masinja lokacin. Satina na farko ya aike ni in kira wani direba. Na je, direba ya ce to, ga shi nan zuwa. Na dawo da gudu na ce yana zuwa. Baba Sale ya dube ni ya ce, "Tayar motarsa nawa ce a ƙasa?" Na ce ban duba ba. Ya ce in koma. Na koma na tarar da motar a kan duwatsu, tayoyi biyu suna wurin mai faci. Da na dawo ya ce, "Idi, bakin mutum na mai gida ne. Kai idonka za ka kawo min." Shekara uku na yi ina bin bayansa kafin ya yarda in kai saƙo ni kaɗai har Gashua.

Ku da kuke cewa mutane za su sauke, bari in ba ku labarin saukewa ɗaya. Gidan burodi ne a Nguru, ma'aikata goma sha ɗaya. Na isa da jakata: abin caji na tafi-da-gidanka guda biyu, igiyoyin caji iri uku, allurar cire layi, tsumman goge gilashi, da wayata da nake raba musu data. Mai kwaɓa fulawa ya miƙo min waya gilashinta ya tsage kamar ƙasan fadama da rani, ga fulawa ta toshe ramin caji. Na ƙwaƙule da tsinke, na sa caji, ta farfaɗo. Sai ta ce babu wuri. Na duba, wa'azi ne cike da ita, sai bidiyon bikin ƙanwarsa, sai kokawa. Na ce a goge wani abu. Ya ce wa'azi dai ba a goge shi, bikin kuma ƙanwarsa za ta tambaya. Muka yi rabin awa muna ciniki a kan kokawa kamar masu sayen rago, ya yarda a goge uku ya bar biyu. Aka zo sa lamba, ashe layin na yayansa ne, yayan kuma yana Maiduguri. Wannan mutum ɗaya ke nan, saura goma, kuma sabis ba ya shiga ɗakin gashi sai an fito bakin titi an ɗaga hannu sama.

Masu gidan kuwa kowa da irin tasa. Mai burodin nan bai taɓa aika saƙon aiki ba, sai barka da Juma'a da hotonsa cikin babbar riga, kuma in mutum bai danna kore ba sai ya kira shi ya ji dalili. Wata mai makarantar kuɗi ta mayar da abin wurin faɗa, da safe ta yi wa malamai tas na minti bakwai, su kuma su danna zan zo. Wani mai ruwan leda ya kira ni takanas ya ce in ƙara masa madannin da zai nuna masa wanda ke zaginsa a bayan ido. Na ce za mu duba. Kullum haka muke cewa, za mu duba. Duk waɗannan ƙananan kasuwa ne, ba su isa su riƙe mutum bakwai da haya da man babur ba.

Wanda ya riƙe mu Alhaji Maina ne na Gashua. Yana da injin casa, yana da gonar shinkafa wajen Dagona wadda in ka tsaya a wannan bakin ba ka gane mutum a wancan. Lebura sama da sittin yake kira lokacin dashe da yanka, yawancinsu daga Katuzu da ƙauyukan kusa. Mai tara masa su kuwa ba kowa ba ne illa Baba Sale, wanda ya koma can bayan kamfanin gyaɗa ya rufe. Tsoho ne lokacin, amma kullum yana kan wani tsohon babur yana zaga ƙauyuka.

Ranar da muka je tallar, Alhaji yana kan kujera, Baba Sale yana kan tabarma a gefe. Ni na yi bayani, don Injiniya in ya fara magana rabinta Turanci ce. Na zuba, na zuba. Na ce, "Ranka ya daɗe, abin da ake kwana biyu ana yi a kan babur, minti ɗaya ne a nan." Alhaji ya ce, "To shi Sale fa?" Na ce, "Ai sai ya huta, ya yi wa jiki adalci." Da bakina na faɗa, a gaban mutumin da ya koya min aiki. Baba Sale bai ɗaga murya ba. Ya karɓi wayar ya juya ta, ya ce, "Idi, wannan jan wa zai danna shi?"

Na ce, "Wanda ba zai zo ba, Baba."

"Alhaji zai ga sunansa?"

"Zai gani, har da lokacin da ya danna."

Ya miƙo min wayar ya ce, "To madalla. Allah ya sa albarka." Wata bai cika ba aka sallame shi da buhun shinkafa biyu da godiya.

A nan ne zan gaya muku abin da ba ya cikin kwamfutarku. A ƙasar nan mutum ba ya duban wanda yake ci a ƙarƙashinsa ya ce masa ba zan zo ba. Ba tsoro ba ne kawai, nauyi ne, kuma da shi aka tarbiyyantar da mu. Sai ya ce to, sannan ya bi ta bayan gida ya sami wani ya gaya masa gaskiya. Wannan wanin shi ne Baba Sale. Ana raka shi bakin babur, sai a ce, "Baba, ka ga matar nan ba lafiya," ko kuma shi da kansa ya ga raga a shanye ya san kamun kifi mutumin zai tafi. In ya koma wurin Alhaji ba ya kiran sunan kowa. Cewa yake, "Mutum talatin za a samu, a ƙaro ashirin daga Dapchi." Wanda bai zo ba bai ƙi Alhaji ba, Alhaji kuma ba a ƙi shi ba, aiki ya tafi, kowa da mutuncinsa. Mu kuma muka zo muka ɗauki ƙin, muka shafa masa jan fenti, muka liƙa masa suna da lokaci, muka ce ga shi ku danna. Injiniya a Nguru aka haife shi, ni ma haka. Dukanmu mun san wannan al'ada tun muna yara. Rigar kamfani ce da katin wuya suka ɗauke mana hankali.

Shekara biyu abin ya tafi lafiya lau, saboda mutane suna son aikin. An turo saƙo, sun danna kore, sun zo. Wanda bai zo ba ɗaya ne ko biyu, ba a lura ba. Injiniya ya duba ya ga tun da aka kafa Yekuwa ba a taɓa danna ja ba ko sau ɗaya, a ko'ina. Mai hankali zai tsaya ya yi tunani. Mu shagali muka yi. Ya sa shi a babban allo ya kai Abuja wurin wani taro, ya ce wannan shaida ce ma'aikata suna jin daɗin manhajar. Aka tafa masa. Ya dawo mana da hoto, muka rataye a bango kusa da fanka.

Sai shekarar jan-baki ta zo. Ku 'yan birni ba ku san tsuntsun nan ba. Ɗan mitsitsi ne, amma in garkensa ya taso sai ka ɗauka hadari ne, in kuma ya sauka a gonar shinkafa mai nuna, kafin ka je gida ka dawo ya bar maka kara. Shinkafar rani ce ta kai yanka, ana tsakiyar zafin bazara, aka ce an ga tsuntsu ta wajen Dagona. Alhaji ya yi abin da ya dace, ya ce a yanke gaba ɗaya kafin ya iso. Ran Laraba da hantsi ya tura saƙo: gobe da sassafe kowa ya fito da laujensa. Kafin azahar mutum sittin da biyu sun danna kore, babu ja ko ɗaya. Injiniya ya kira ni yana murna, ya ce in bi motocin in ɗauko hotuna, za mu yi talla da su.

A-kori-kura uku aka tura Katuzu, ina gaban ta farko da rigar kamfani an goge ta. An riga an kai tampol da durom na bugu gona, mata sun ɗora tukwanen shinkafa da wake na mutum sittin. Muka tsaya a inda ake taruwa, direba ya danna hon. Tsofaffi huɗu suka fito, ɗaya ma tambaya ya zo yi ko za mu rage masa hanya zuwa Gashua. Garin kamar an share. Daga fadama kuwa ba ka jin komai sai ihu da ƙarar gwangwani.

Na karɓi aron babur na gangara. Kowa yana cikin 'yar gonarsa, shi da matansa da 'ya'yansa, ana kaɗa gwangwani ana jifa da majajjawa, wasu suna yanka da sauri. Ai kowane lebura na Alhaji yana da tasa 'yar shinkafar, kuma tsuntsu ba ya tambayar gonar wa ce. Na sami wani Haruna, wanda ni na sa masa manhajar da hannuna. Na ce, "Haruna, ba kore ka danna ba?"

Ya ce, "Na danna mana."

"To me kake yi a nan?"

Ya tsaya da lauje a hannu yana kallona kamar na zare. Ya ce, "Malam Idi, Alhaji ne fa. In danna masa ja, da sunana, a cikin wayarsa? Gobe da wane ido zan kalle shi? Ni na ɗauka kun san ba mai zuwa. Ba ka ga sama ba ne?" Na ɗaga kai na ga sama. Ya koma yankansa.

Na juya Gashua a guje na ce wa Alhaji a nemo mutanen Dapchi, su masu gero ne, kafin ruwa ya sauka ba su da aiki. Aka tura mota. Ta dawo wayam. Ashe tun ran Litinin an kwashe su zuwa gonar wani manomi maƙwabcin Alhaji, wanda ya ɗauki Baba Sale aiki bayan mun ce ya huta. Tsohon bai jira saƙon kowa ba. Ya ga tsuntsu, ya san 'yan Katuzu ba za su bar nasu ba, ya hau baburinsa. Gonarsu ana ɗinke buhu, tamu ana kallon sama. Kwana uku kafin a haɗa mutanen kirki, kuma a kwana ukun nan jan-baki ya yi walima. Abin da aka buga daga baya yawanci ƙaiƙayi ne. Shinkafa da waken da aka dafa kuwa direbobi suka ci har suka gaji, aka raba saura.

Alhaji ya kira mu ni da Injiniya. Bai yi zagi ba, da ma ya yi. Ya buɗe wayarsa ya nuna mana layin sunaye, kore shar daga sama har ƙasa. Ya ce, "Injiniya, manhajarka ta ce mutum sittin da biyu suna gonata. Taimaka ka nuna min su, in ba su abinci." Injiniya ya fara bayanin cewa manhajar ba ta yi kuskure ba, abin da aka danna ta nuna. Alhaji ya ce ya yarda, shi ma bai ce ta yi ƙarya ba. Sannan ya miƙo min wayar ya ce, "Idi, kai ka sa, kai za ka cire." Na cire a gabansa. Kafin kasuwar Gashua ta sake ci, labari ya gama gari, har mai burodi ya kira ya ce shi ma a cire masa, wai kada ta ja masa tsuntsu.

Kada ku ce ba mu yi ƙoƙari ba. Mun mayar da jan ruwan ɗorawa, ba a danna ba. Mun canza rubutun ya koma ina da uzuri, a yi min afuwa, ba a danna ba. Mun ɓoye suna, na bi ƙauyuka ina rantsuwa cewa mai gida ba zai san wanda ya danna ba. Wani dattijo ya ce min, "Waya ce fa, ɗana. Wadda ta san inda nake tsaye ita ce ba ta san sunana ba?" Injiniya ya rame. Mu kuma kowa ya fara neman inda zai dafa a ɓoye. Mai taya shi rubuta manhaja ya sami wuri a Kano. Falmata, wadda ke amsa kiran masu ƙorafi, ta sami koyarwa. Ni aka ce in zo wannan injin da nake yanzu in riƙa tara musu lebura, wato aikin Baba Sale, a kan babur. Babu wanda ya gaya wa Injiniya. Da safe mu zo mu gaishe shi, mu zauna ƙarƙashin hoton Abuja.

Ana nan sai dama ta ƙarshe ta zo. Wasu mutane daga wata ƙungiya a Damaturu, masu ma'aikata a ƙauyuka da yawa, suka ce za su zo su ga kamfanin da idonsu. In sun ga abu mai rai, da mutane a ciki, za su ɗauka. Da sun ɗauka, da Yekuwa ta tashi. Injiniya ya tura mana saƙo ta manhajarmu: ran Alhamis ƙarfe goma, kowa da rigar kamfani, don Allah kada a makara. Ran Alhamis ɗin nan ce aka ce in fara a injin, in ban zo ba a ba wani. Na zauna a kan babur na daɗe ina kallon madannan nan biyu. Yaron nan Kawu yake ce min. Da mahaifiyata ta rasu shi ya tuƙa mu har maƙabarta. Na ce a raina ai sauran shida za su je, rashina ba zai nuna ba. Na danna kore.

Daga baya mai kemis na ƙasa ya ba ni labari. Injiniya ya yi hayar kujeru, ya sayo lemo da gasasshen kifi, ya share ofis da kansa. Baƙi suka iso su huɗu a kan lokaci. Ya zaunar da su, ya kunna babban allo don ya nuna musu yadda abin yake aiki, ga sunayenmu bakwai, kowanne da korensa. Ya ce musu ma'aikatansa suna hanya. Suka jira har aka kira azahar. Suka yi salla, suka ci kifi, suka yi godiya, suka hau mota.

Bayan sati ɗaya na bi ta hanyar tasha, ba don ina so ba, aike ne ya bi da ni. Na tarar da a-kori-kura a ƙofar kemis, Injiniya yana sauko da tebur shi kaɗai, yana jan sa a kan matakala. Na so in wuce, ya riga ya gan ni. Na kashe babur na sauka. A rayuwata ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Ya ce, "Kawu Idi, har da kai?"

Na ce, "Injiniya, nauyinka na ji."

Ya ce, "Da ka aiko wani ya gaya min mana, yadda ake yi."

Na ce, "Wa zan aika? Duk wanda na sani a ofishin nan kore ya danna."

Ya share gumi da bakin riga. Can ya ce, "Ka san abin da ya fi ci min rai? Na kwana uku ina jin haushinku, sai na tambayi kaina. Wallahi da kai ka turo min, ni ma kore zan danna."

Ya sunkuya ya kama gefen teburin. Na kama ɗaya gefen, muka ɗora shi a mota.